Inda shagona yake a Makka, yanzu motoci ake ajiyewa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin amma duk sanda na ɗauki waya sai in ajiye, na farko dai rubutun boko da girmana na koye shi, ni da Larabci na fara, sai a yi haƙuri da yadda zai fito, na biyu kuma akwai wuraren da in na tuno su har yau sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Abin da ya sa na daure yau, wani yaro ne ya zo wurina shekaranjiya neman shawara, wai ya samu shago haya a bakin titi zai zuba duk abin da ya tara ya gyara shi, tayil, silin, fenti, komai da komai. Na ce masa takardar shekara nawa kuka yi da mai wurin? Ya ce ai Baba mutumin kirki ne, ba sai an yi takarda ba. Wallahi sai na ji kamar muryata ce nake ji shekara ashirin baya.

An haife ni 1978 a wani ƙauye a ƙasar Kano. Babana ya rasu ina da shekara shida, ya bar ni da Inna, ƙannena biyu duk sun koma tun suna goye. A 1986 Inna ta sayar da 'yar gonar da ta gada da awakinta ta biya mana Umara ni da ita, muka tafi, ba mu dawo ba. Tazarce kenan, mu ne waɗanda ake ce wa takari, sunan da ina yaro nake jin haushinsa, yanzu kuwa ko a jikina.

Wata 'yar garinmu ce ta karɓe mu, ɗakinta yana kan Jabal Umar, dutsen nan da ke yamma da Harami. Wanda ya san wurin yanzu ba zai taɓa yarda da yadda yake a da ba. Gidaje ne a cakuɗe wani kan wani, lunguna matsattsu, matattakala ta siminti da za ka yi ta hawa har sai gwiwarka ta gaya maka, mota ba ta hawa, tukunyar gas a kafaɗa ake kai ta sama. Amma in ka tsaya a ƙofar ɗakinmu ga hasumiyoyin Harami nan a ƙasanka, in an kira sallah sai ka ji kamar a kunnenka ladan yake, ka yi alwala a gida ka gangaro ka samu raka'ar farko. Talaka ne maƙocin Ka'aba a lokacin. 'Yan Yaman, 'yan Burma, 'yan Bangali, Jawa, Barebari, Fulani, mu Hausawa, kowa da lungunsa amma kasuwa ɗaya, masallaci ɗaya.

Inna tuwo take yi. Tun kafin asuba ta ɗora, in gari ya waye ni ne mai ɗaukar kula in sauko da ita gindin dutsen wajen titin Ibrahim Khalil, ta zauna a bakin wani lungu da robobinta. Lokacin aikin Hajji kuwa ba a magana. Alhaji ya yi kwana goma yana fama da shinkafar Larabawa da burodi, cikinsa ya ƙi, bakinsa ya mutu, sai kawai ya jiyo ƙamshin daddawa a lungu, wallahi na sha ganin dattijo da furfurarsa yana cin tuwon miyar kuka yana share hawaye. Wasu ma ba da kuɗi suke biya ba, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da suka ƙunso a guzurinsu su ne kuɗin, Inna ta karɓa ta adana, da shi muke miya har shekara ta zagayo. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba har ta koma ga Allah, kai yaro take cewa, ko ɗan nan, har na yi 'ya'ya biyar ban wuce kai yaro ba.

Rusau na farko da na gani ina yaro ne, lokacin da aka ɗauke kasuwar Suƙus Sagir aka yi faɗaɗawar Sarki Fahad wadda aka fara a 1988. Na ga 'yan kasuwa suna kwashe kaya amma ban ɗauke shi komai ba, mu ma daɗi muka ji don Harami ya ƙara matsowa kusa da mu, ciniki ya ƙaru. Inna ce kawai ta ce, kai yaro, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Na yi dariya.

Zan taƙaita tsakiyar. Wani dattijo ɗan ƙasa, asalinsa Bahaushe ne, kakanninsa da ƙafa suka zo ta Sudan, shi ya tsaya mana har muka samu igama, wato takardar izinin zama, Allah Ya jiƙansa. Na yi aiki wurin wani ɗan Yaman mai ful da tamis, na yi wurin wani mai shinkafar Bukhari, na koyi kabsa, na koyi yadda ake shayin adani, a 1999 na buɗe nawa. Ɗan shago ne, tebur huɗu da tabarma a ciki don dattawan da ba sa son kujera, a lungun da ke gangarowa daga dutsen zuwa titi. A lokacin baƙo ba ya mallakar shago da sunansa, to lasin da komai da sunan ɗan mai gidan aka yi, ni a takarda ma'aikaci ne, kowane wata in ba shi nasa. Kowa haka yake yi a lokacin, amma dai ba daidai ba ne a doka kuma na sani, ba zan ce ban sani ba.

Ina so in ɗan tsaya a kan lungun nan don shi ne abin da na rasa, ba shagon kaɗai ba. Daga bakinsa akwai mai canjin kuɗi, sai masu aski guda uku a jere waɗanda in an sauko daga Umara layi ake yi, sai mai tasbaha da dadduma da turare, sai ɗan Pakistan mai roti, sai ni, gabana mai jarkokin zamzam, can ciki wata tsohuwa 'yar Jawa mai sayar da wani naman tsinke nasu. Da daddare wani ɗan uwanmu ya kafa tukubar tsire a bakin shagona, Larabawan Makka har da manyan motoci suke zuwa saye, su sireh suke ce masa, sunan namu ne dai bakinsu ya lanƙwasa shi. Babu wanda yake cin kansa shi kaɗai a lungun nan. Wanda ya zo aski zai ji ƙamshi ya shigo wurina, wanda ya ci tuwo zai tambaye ni ina zai samu canji mai kyau in nuna masa, mai canji ya tura shi wurin mai dadduma. In an kira sallah duk mu ja ƙofa rabi, mai tasbaha ya yafa wa kayansa ƙyalle kawai mu tafi, babu mai taɓawa. Azumi kuwa bayan tarawih har sahur lungun ba ya barci. Shagona ya zama kamar tasha, alhajin da ya ɓata nan ake kawo shi, mai saƙo daga gida nan zai ajiye, wasiƙa, kaset ɗin da aka yi magana a ciki, kuɗin da za a kai wa wata a Shara Mansur, duk a ƙarƙashin teburina suke kwana. Nan na samu matata ma, mahaifiyarta ce mai kawo mana fura.

A farkon 2002 aka rushe tsohuwar ganuwar Turkawa ta Ajyad, wadda ta fi shekara 200 a kan dutsenta, har gwamnatin Turkiyya ta yi ta ƙorafi. Daga samanmu muna hango katafila tana cin dutsen kullum kamar ana yankan alkaki, har ya zama babu. Da yamma mukan zauna muna kallo muna shan shayi muna cewa ikon Allah, dutse guda. Ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa mu ma a kan dutse muke ba.

Nan ne na yi babban kuskuren rayuwata. Ciniki ya yi kyau shekaru biyar a jere, na tara kuɗi masu kauri, sai shagon da ke jikin nawa ya fita, na ce zan karɓa in fasa bango in haɗe su. Inna ta kira ni ta zaunar da ni ta ce, kai yaro, ka aika da kuɗin nan gida a saya maka ko kango ne, garin nan na Allah ne amma ƙasar ta masu ita ce. Na ce Inna wane gida kuma, ni ina na sani a Kano, nan ne gida. Har ga Allah haka nake ji, ko hanyar ƙauyenmu ban sani ba. Kuma raɗe-raɗin za a rushe dutsen ya daɗe yana yawo, tun ina saurayi ake cewa bana ne, baɗi ne, har ya zama abin wasa. Na je wurin mai gidan na ce ya ammi, gaskiya ne abin da ake faɗa? Ya dafa kafaɗata ya ce ya waladi, wannan maganar ta girme ka, yi aikinka. Ban ce ya yaudare ni ba, ina jin shi ma haka ya ɗauka, amma dai ban nemi ya rubuta min komai ba, kunya ta hana ni, mutumin da yake kirana ɗansa ta yaya zan ce ya sa hannu a takarda. Na zuba tayil, na sa esi guda biyu, firiza, sabbin tebura goma sha biyu, allon suna mai wuta. Har bashi na ƙara a kai.

Hajji ɗaya na ci a sabon shagon. Ɗaya tak.

Wata safiya na gangaro na tarar an rubuta lamba da jan fenti a bangonmu, a ƙasanta kalma ɗaya, izala, wato a kawar. Duk lungun haka, gida bayan gida. Abin mamaki ranar babu wanda ya yi hayaniya, kowa ya buɗe shagonsa kamar kullum, mai aski yana aski, ni ina tuƙa tuwo, sai dai babu mai kallon idon wani. Aka ba da wa'adi, wa'adi ya cika aka yanke wuta da ruwa. Masu gidaje da suke da takardar mallaka an yi musu kimar wurinsu, wasu aka biya su, wasu aka ba su hannun jari a aikin, wasunsu ma sun samu abin da ba su taɓa mafarki ba, Allah Ya sanya albarka. Ɗan haya kuwa ba ya cikin lissafi, balle ni da ko hayar ma ba da sunana take ba. Na je wurin mai gidan ina tunanin ko zai dubi gyaran da na yi, ya ba ni riyal dubu biyu a ambulan ya ce in yi haƙuri. Kuɗin esi ɗaya da rabi kenan. Na karɓa na yi godiya, na fito na zauna a matattakala na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Tayil ba ya ciruwa. Wannan ne abin da na tsaya ina kallo ranar da muke kwashe kaya, tebur ya fita, firiza ta fita, amma tayil ɗin da na zaɓa da hannuna, fari mai ratsin kore, yana nan yana ƙyalli a shagon da babu ƙofa. Inna kuma aka sauko da ita a kan kujera don ƙafarta ta riga ta fara ciwo, shekara ashirin tana hawa dutsen nan, ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya, kuma ba ta ce min ai na gaya maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Kafin 2008 ta ƙare dutsenmu ya zama fili da ramuka da injinan ƙugiya, a shekarar kuma aka shiga rushe Shamiyya da unguwannin arewa da Harami saboda faɗaɗawar Sarki Abdullah. To ku duba, dubban mutane ne aka taso lokaci guda kowa yana neman ɗaki da shago, haya ta yi tashin gwauron zabi. Muka samu gida can wajen Shara Mansur, shago kuma na kama a ƙasan Misfala hanyar Kudai, kuɗinsa ya ninka na da, wurin kuma bai kai rabinsa kyau ba. Wannan ne kuskure na biyu, don da bashi na kama shi, zuciya ce kawai take ingiza ni, ina so in nuna wa kaina ban faɗi ba.

A nan na fahimci wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina sana'ar, ashe ba tuwona ne yake kawo mutane ba, ƙafa ce. Gidan abinci irin namu da sawun masu wucewa yake rayuwa. A da alhaji yana kwana a tsohon gida kusa da Harami, sau biyar a rana zai bi ta lungu ya je ya dawo, sau goma kenan yana wuce ƙofarka, ko bai shiga yau ba gobe zai shiga. Da aka rushe gidajen kusa aka kafa dogayen otal, mai kuɗi ya koma sama, daga ɗakinsa lifta za ta sauko da shi cikin mol, wato rukunin manyan kantuna, ya ci abinci a hawa na uku ko na huɗu, ya fita harabar Harami, ƙafarsa ba ta taɓa titi ba. Talakan alhaji kuma aka matsa da shi nesa, bas ce za ta ɗauke shi daga ƙofar masauki ta bi da shi ta ramin dutse ta sauke shi a tasha, in ya idar ta mayar da shi a gajiye. Tsakanin mai lifta da mai bas babu wanda ya rage a ƙasa da zai ji ƙamshin daddawa. Shago a cikin mol kuwa hayarsa ba ta irinmu ba ce, manyan kamfanonin kaza da shawarma ne suke iyawa, kuma ko an ba ni kyauta wa zai bar ni in kafa tukunyar tuwo da tukubar tsire a wurin.

Mutanen lungunmu kuwa kowa ya kama gabansa. Mai canji ya koma Jidda, masu aski biyu sun koma ƙasarsu, tsohuwa 'yar Jawa ban sake jin labarinta ba har yau, mai tsire ya koma tura baro yana wasan ɓuya da masu kame. Mun yi alkawarin za mu riƙa haɗuwa duk Juma'a a wata ƙofa ta Harami, mun yi wata uku muna yi, daga nan sai ya zama mutum biyu, sai ya zama ni kaɗai.

Kar wani ya ɗauka ina zagin aikin ne. Ni na ga cunkoson da, na ga tsofaffi suna faɗuwa a ɗawafi, na san gidajen dutsenmu da yawa in gobara ta tashi babu ta inda motar kashe wuta za ta shiga, wayoyin lantarki kamar saƙar gizo. Alhazai sun ƙaru, dole a yi musu wuri, wannan gaskiya ce. Abin da yake min ciwo shi ne da aka zo zana sabon wurin an tuna da mai ɗakin da tagarsa ke kallon Ka'aba, an tuna da inda motarsa za ta kwana, amma ba a bar ko lungu ɗaya da mai ƙaramin ƙarfi zai kafa tukunya ba. Ra'ayina kenan, mai ganin ba haka ba ne ba zan yi musu da shi ba.

Benen agogon nan da aka kafa a inda ganuwar Ajyad take, wanda tsayinsa ya kai mita 601, aka gama shi 2012, daga ƙofar sabon shagona ina ganinsa da daddare yana haske kore. Alhazai suna ta ɗaukar hoto da shi. Ni kuwa in na kalle shi lissafin bashi nake yi.

Sai abubuwa suka riƙa zuwa a jere. A 2013 aka rage kujerun Hajji na kowace ƙasa da kashi 20 cikin ɗari saboda aikin faɗaɗa wurin ɗawafi, Najeriya daga 95,000 ta koma 76,000, haka aka yi ta tafiya har 2017. A ƙarshen 2013 ɗin kuma wa'adin gyaran takardu ya ƙare aka shiga kame sosai, yarana biyu masu taya ni aiki aka yi tarhil ɗinsu, wato aka mayar da su ƙasarsu, a sati ɗaya, matan da suke sayen tuwo a wurina da yawa su kai masaukai su ma aka kwashe su. Daga baya kuma aka shigo da tsarin ciyar da alhazai a masaukinsu, an riga an cire kuɗin abinci a kuɗin kujera, kamfani zai kawo a roba safe da dare, to wa zai fito ya sayi nawa? Sai wanda abincin ya gundure shi. Na rufe shagon a 2015, na sayar da kayan na rage bashi.

Inna ba ta ga rufewar ba, ta rasu 2014. An yi mata sallah a Harami bayan la'asar aka kai ta maƙabartar Shara'i, abin da ta roƙa kenan duk rayuwarta kuma Allah Ya ba ta. Kwana biyu kafin ta cika ta sa matata ta jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado, a ciki akwai awarwaron zinare huɗu da wata takarda da ta sha ninki a leda. Ashe tun shekarun tuwon bakin lungu take aika wa ƙaninta kuɗi ta hannun alhazan garinmu, ya saya mata fuloti a bayan gari a Kano. Ta ce kai yaro, ga wannan, ba yawa. Na karɓa ne kawai don kar in ɓata mata rai, a zuciyata ina cewa me zan yi da fili a garin da ban sani ba.

Bayan na rufe shago na yi naƙalin kafala, wato na canza uban gidan da igamata take hannunsa, na koma wani kamfanin abinci, kuma ku ji inda aka tura ni, kicin ɗin wani wurin cin abinci a cikin sabbin benayen Jabal Umar. Ni da nake da ma'aikata shida na koma mai suyar kaza da hula ta takarda a kai, yaron da na girme shi da shekara goma sha biyar yana min tsawa in na yi jinkiri. Ban ƙi ba, halak ce. Amma wata rana bayan an tashi na ce sai na gano inda shagona yake. Na fita na tsaya na auna da maƙabartar Shubaika, ita ba a taɓa ta ba, na auna da ƙofar Sarki Fahad, na yi ta lissafin taku kamar mahaukaci, lissafin ya kai ni wata ƙofa da motoci suke shiga ƙarƙashin bene. Na shiga. Wurin ajiye motoci ne, sanyi, fitilu farare, babu kowa sai ƙarar fanka. Ba zan rantse cewa daidai wurin ne ba don ƙasar ma an sauke ta an canza ta, amma jikina ya ba ni nan ne. Na tsaya kusa da wata baƙar mota ina tuno inda tukunya take, inda Inna take zama tana gyaran kuɓewa, sai mai gadi ya zo ya ce ya hajj, motarka ka ɓatar? Na ce a'a. Ya ce to fita.

A watan Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗi a kan iyalin baƙi, riyal 100 kowane kai duk wata, 2018 ya koma 200, 2019 ya zama 300, 2020 ya kai 400. Ni ina da mata da 'ya'ya biyar, kai shida, a 2018 riyal 1,200 kenan duk wata kafin a ci a sha a biya haya, kuma dunƙule ake biya in za a sabunta igama. Albashina ba zai ɗauka ba. Daren da na yanke shawarar tura su gida ban runtsa ba, babbar 'yata tana kuka tana cewa Abba mu ina muka sani a can, maganar da na gaya wa Inna ce ta dawo min a bakin 'yata, kalma da kalma. Na sayar da awarwaro biyu na yi musu tikiti. Na zauna ni kaɗai a ɗaki da wasu mutum huɗu ina turo musu abin da ya samu, har korona ta zo, ƙarshen Fabrairun 2020 aka dakatar da Umara, aka rufe komai, na ga harabar Harami babu kowa sai tattabaru, abin da ban taɓa zaton zan gani da idona ba. Kamfani ya sallame mu. Na yi ɗawafin bankwana da aka buɗe, na karɓi bizar fita ta ƙarshe, na sauka Kano a farkon 2021 bayan shekara 35.

Dawowar ma wani labari ne mai zaman kansa, ba zan ja shi ba. Fulotin Inna na tarar an ci kusan rabinsa, maƙoci ya shigo da katangarsa, kawuna ya tsufa ba shi da ƙarfin rigima, 'yan uwa suka ce in kai ƙara na ce a bar shi, abin da ya rage ya ishe ni. Unguwar da take daji lokacin da aka saya yanzu gari ya cim mata. Na yi ɗaki biyu da sauran awarwaron, na fitar da ɗan shago ta gaba. Yarana sun sha tsokana a makaranta saboda Hausarsu a karye take, ni kaina in na je kasuwa da na buɗe baki sai a ƙara min kuɗi, wai Alhajin Makka ne. Shekarar farko har kwanciya na yi asibiti, hawan jini, likita ya ce tunani ne ya yi min yawa.

Abin dariyar shi ne a Makka tuwo na sayar wa masu kewar gida, a Kano kuma shinkafar Bukhari da kabsa da shayin adani nake sayar wa masu kewar Makka. Kwastomomina yawancinsu irina ne, waɗanda aka yi tarhil ɗinsu da waɗanda kuɗin igama ya koro, da yamma su cika bencina ana ta Larabci ana ina kake zaune a can, Jarwal ko Hindawiyya ko Nakkasa, wani ya ce unguwarsu ma ta tafi. Bara wani ya zo ya ci ya tashi zai biya sai ya tsaya yana kallona, ya ce kai ba kai ne mai tuwon gindin Jabal Umar ba, kusa da masu aski? Ashe ya yi Hajji 2003, ya ɓata, a shagona ya kwana. Ya tambaye ni tsohuwar nan mai ba mutane yaji kyauta, na ce ta rasu. Muka yi mata addu'a a tsaye a bakin titi.

Bashin Makka saura kaɗan in gama, ina turawa duk bayan wata uku. Shagon nan tebur uku ne, ƙasansa siminti ne ban sa tayil ba, matata tana ta min magana a kai ina cewa sai an kwana biyu. Takardar filin kuwa na je an juya ta da sunana, tana cikin ledar nan dai ta Inna.

Yaron da ya zo neman shawara na ba shi labarin nan duka, ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah Ya kyauta Baba, ya sha shayinsa ya tafi. Jiya na wuce ta gaban shagon nasa a adaidaita, na hango an sauke kwalayen tayil a ƙofa.